Dami Ɗaya da Ya Hana Rabo

Mun koma Dutse ne ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro jiha, lokacin da mahaifina ya samu aikin tuƙi a ɗaya daga cikin sababbin ma'aikatu. Kafin nan a wata ruga muke kusa da Aujara, inda aka haife ni. Gidan da muka kama haya na ƙasa ne, ɗaki uku, bayansa duwatsu, gabansa fili inda ake buga bulo tun safe har yamma, don a shekarun nan duk inda ka waiga gini ake yi. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Dada, ta biyo mu ba da son ranta ba. Kakanmu bai daɗe da rasuwa ba, tana fita takaba Baba ya ce ba zai bar ta a ƙauye ba.

Dada doguwa ce siririya, mai tafiya kamar har yanzu akwai ƙwarya a kanta. Abin da ta kasa sabawa da shi a Dutse shi ne gari ya waye ba ta ji kukan maraƙi ba. Ranar da ta fara ganin Umma ta aike ni sayen nono da kuɗi, ɗaki ta shige, ba ta fito ba sai azahar.

In sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai ta sa a ɗebo mata garwashi daga murhun Umma a zuba a kasko, ta ɗora 'yan karare a kai, ta zauna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu. Ni da ƙanena Nuhu mu ne a gaba, sai 'ya'yan maƙwabta da suka ji labarin tsohuwar gidanmu suka riƙa sulalowa. Baba kuwa yana can gefe a kan benci, rediyonsa a jikin kunne, ya rage murya. Dada ba ta fara tatsuniya yadda sauran mutane suke farawa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura da zomo, na aljanun gindin kuka, na makiyayin da yake jin maganar shanu. Duk waɗannan da dariya take ba da su, har takan kwaikwayi tafiyar kura tana zaune. Amma akwai guda ɗaya da in za ta ba da ita, tun daga gyaran murya muke ganewa. Ba ta murmushi, kuma muryarta takan fi ta kullum ƙarfi, kamar akwai wani a nesa da take so ya ji.

Wai a wani gari an taɓa yin yunwa mai tsanani. Da Allah ya kawo sauƙi, sai dattawan garin suka zauna suka ce ba za su yarda a sake riskar su haka ba. Suka gina ƙaton rumbu a tsakiyar gari, suka ce kullum gida ɗaya zai kawo dami guda na gero, yau wannan gida, gobe wancan, har shekara bakwai. A lissafin Dada wata kwana talatin ne, shekara kuma wata goma sha biyu. A nan takan tsaya ta dube mu.

"Dami nawa ke nan?"

Mu yi ta harbe-harbe. Wani ya ce ɗari, Nuhu ya ce miliyan.

"Alfin da hamsaminya da ashirin," in ji ta.

Irin ƙirgen mutanen da ne. Umma ce ta fassara mana daga bakin murhu, ta ce dubu biyu da ɗari biyar da ashirin take nufi.

Dada ta ce dattawan nan da gangan suka tsaya a kan wannan adadi, don babu yadda za a raba garin da geron zai ƙi rabuwa. In an raba shi gabas da yamma, kowane ɓangare ya samu daidai. In zuri'a uku aka bi, daidai. In ƙofofi huɗu ne, daidai. Haka har zuwa unguwanni goma, ko zangarniya ɗaya ba za ta yi saura ba. Ta haddace kason duka, takan jero su da wata irin murya kamar mai tilawa. Rabinsa dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Sulusinsa ɗari takwas da arba'in. Rubu'insa ɗari shida da talatin. Haka za ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ushirinsa, ɗari biyu da hamsin da biyu. Ta ce a wurin mahaifinta ta ɗauka, shi malami ne da ake kira rabon gado a rugagen yankinsu, tana yarinya tana jin yana koya wa ɗalibansa. Sai dai kullum in ta zo kan kashi ɗaya cikin takwas takan ja shi.

"Tumuninsa ɗari uku da goma sha biyar. Ku ji da kyau, tumuni ma yana fita. Yana fita sarai."

Mu dai ba mu san abin da ya sa tumuni ya fi sauran daraja ba.

To, makullin rumbun yana hannun wani mutum mai ƙaton rawani da laushin harshe. Ranar da dami na ƙarshe ya shiga za a rufe ƙofa, sai ya ce a dakata. Ya koma gida ya ɗauko wani tsohon dami nasa wanda ɓeraye suka gama da shi, ya jefa a ciki a gaban jama'a, ya ce shi ma ga tasa gudummawar. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Aka rufe rumbu.

Shekara ta juyo, ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba, yunwa ta dawo. Jama'a suka taru suka ce a buɗe. Mai makulli ya ce to, amma a fara ƙirgawa. Aka ƙirga, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Aka raba biyu, ɗaya ya rage. A nan Dada takan tanƙwasa wuya ta sassauta murya ta zama shi.

"Af, saura ɗaya. Wa zan ba? In na ba gabas, yamma ta kai ni ƙara gaban Allah. Ni ba zan ci haƙƙin kowa ba. Ku je ku yi tunani ku dawo."

Suka dawo suka ce a raba uku. Saura ɗaya. Huɗu, saura ɗaya. Biyar, shida, bakwai, har goma, kullum ɗayan nan yana zaune. Wani mai wayo ya ce a raba goma sha ɗaya, sai biyu suka rage, mai makulli ya ce kun gani, abin ƙaruwa ma yake yi. Goma sha biyu, saura ɗaya. Goma sha uku, goma sha biyu suka rage. Masu lissafin gari suka duƙufa suna zane a ƙasa tun hantsi har la'asar, kowane adadi suka gwada ya ƙi. Mata suna dafa ganye, yara suna kwanciya ba sa tashi. Shi kuwa jakinsa sai sheƙi yake, kuma kullum da asuba ana jin daka a gidansa.

Ban manta daren da Nuhu ya miƙe tsaye don haushi ba.

"To ya cire nasa mana!"

Dada ta buga cinya.

"Kai ma ka gani, kai da ko mazagin wando ba ka iya ɗaurewa ba! Su ma sun gani. Babu wanda bai gani ba a garin nan. Amma wa zai faɗa? Wannan ya ce surukina ne. Wancan ya ce shi ya yi mini aure. Wani ya ce ai babba ne, kunyarsa nake ji. Kunya! Yaranka suna mutuwa kana jin kunya!"

Muryarta ta tsallake mu ta nufi benci. Na ji Baba ya ƙara muryar rediyo.

Tatsuniyar ba ta da ƙarshe guda. Wani dare rumbun ya rufta wa mai makulli. Wani dare mutane su watse su bar shi da geronsa, kura ta zo ta same shi. Daren da ranta ya fi ɓaci kuwa, sai kawai ta ture kaskon da ƙafa ta ce, "Suna can har yanzu suna rabo. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku tashi." Mu yi ta ƙorafi cewa ba haka ta ƙare shekaranjiya ba, ba ta kula mu.

Sai da na kai aji shida a firamare na san inda tatsuniyar nan ta dosa. Ƙanwar mahaifina, Goggo Hansai, ta zo daga Buji inda take aure, na ji suna magana da Umma suna tsince shinkafa. Ashe kakanmu ya bar garken shanu, kuma tun rasuwarsa ba a raba ba. Garken yana hannun ƙanensa, wanda Baba yake kira Baffa, mu ma muka bi bakinsa. Wai shekarun baya Baffa ya taɓa kawo karsana ɗaya ya zuba a garken wansa. Da aka zo maganar gado sai ya ce karsanar nan ta haihu, 'ya'yanta sun haihu, jininta ya gauraye da na sauran, shi kuma ba zai yarda a raba dukiyar da ba a tantance ba, kada wani ya ci haram. A bar su a wurinsa amana har a gano. Tumunin takabar Dada yana ciki, da rabon Baba, da na Goggo.

Me ya hana Dada ta tsare ɗanta ta ce ya je ya karɓo? Baba ɗan farinta ne. A al'adarmu ko sunansa ba ta faɗa, ba ta zama su yi hira ido da ido. In tana son wani abu a wurinsa sai ta ce wa Umma, "A gaya wa mai motar nan." Shi kuma Baffa ne ya tsaya masa a aurensa, a gabansa ko kai ba ya ɗagawa. Na taɓa jin ya ce wa Umma shi fa ya yafe nasa rabon, a zauna lafiya. Da maganar ta kai kunnen Dada, sai ta fito tsakar gida ta fuskanci Umma, alhali yana zaune yana alwala.

"A tambayar mini shi, nasa ya yafe, na ji. Nawa fa, wa ya ba shi ya yafe?"

Ya ƙarasa alwalarsa ya fita.

A wannan tsakanin ne idonta ya fara. Da farko zare ne ya daina shiga mata allura, sai ta fara kiran Nuhu da sunana in ya tsaya a ƙofa. Baba ya kai ta asibiti aka ce yanar ido ce ta rufe shi, aiki ne ƙarami amma sai a Kano, kuma kuɗinsa bai wuce a sayar da sa guda ba. Albashin direba a lokacin ko abincin wata ba ya kaiwa. Baba ya shirya ran Asabar ya tafi Aujara. Muka yi ta murna. Da magariba ya dawo da ƙwaryar man shanu da gaisuwa. Baffa ya ce a yi haƙuri, in aka cire sa ɗaya yanzu, ba a san na wa aka cira ba.

Shekarar da ta biyo baya Baffa ya tafi aikin hajji. Kowa a rugar ya san bijimai nawa aka kora kasuwa kafin tafiyar. Da ya dawo ya zo Dutse gaishe da matar wansa, da haƙorin Makka a bakinsa da babbar riga tana ƙamshi. Ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya ciro tsaraba daga aljihu ya miƙa.

"Yaya, ga kwalli na kawo miki daga can. An ce yana wanke ido."

Dada ta lalubo shi ta juya a hannunta.

"Alhaji, an gode. Shanun fa?"

"Ai suna nan lafiya, Yaya. Maganar ce sai a hankali. Kin san karsanar nan tawa. Ni tsoron Allah nake ji, ba na so ko gashin saniya na wani ya shiga cikin wani."

"Ka gane karsanarka ai. Saniyar da ka kawo da hannunka."

"Na gane ta, jikokinta ne matsalar."

Baba yana tsugune a gefe, kansa a ƙasa, yana wasa da makullin mota. Ina tsaye riƙe da kwanon ruwan da na kawo wa baƙo, ji nake kamar in juye wa Baffa a rawani. Mutumin da yake gane kowace saniya a kasuwa daga nesa, ya faɗi uwarta da kakarta, wai shi ne ya rikice a garken da yake kwana a cikinsa. Daren nan Dada ta ba da tatsuniyar rumbu, kuma a daren ne na fara jin tsanar mai makulli kamar mutum mai rai.

Da ta ga ba Kano ba dalilinta, sai ta nemi hanyarta. Wani mai maganin ido na gargajiya ya zo cin kasuwa, ana cewa yana kawar da yana da allura. Ta bari sai da aka tura Baba tafiya da maigidansa, ta cire mundayen azurfarta na aure ta aika masa. Ya zo gida ya yi mata aiki a idanun duka biyun a zama ɗaya. Kwanaki kaɗan tana cewa tana ganin haske, har ta gane kalar zanen Umma. Daga nan idon ya kumbura, ciwon kai ya hana ta barci, ta yi ta nishi tana danne shi don kada mu ji. Da kumburin ya sauka, hasken ya tafi gaba ɗaya. Mai allura kuwa tuni ya bar gari.

Ba ta daina tatsuniya ba. Sai dai yanzu mu muke jawo ta kusa da kasko, mu gaya mata in bakin zanenta ya matsa wuta.

Ina babbar sakandare aka shiga shekarar shari'a. Gari ya cika da wa'azi da kabbara, rediyon Baba ba ya maganar komai sai ita. Wata rana da yamma wani malami yana bayani a kan haƙƙin marayu da matan da mazajensu suka rasu, Dada ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru. Ta saurara har ya gama. Sannan ta juya inda take jin motsina.

"Ke 'yar boko, wannan shari'ar da ake ta faɗa, ta san shanu?"

Na ce ta sani, Dada.

"To a kira mini Hansai."

Goggo Hansai ce ta shigar da ƙara a kotun da take kula da yankinmu, da sunan Dada. Dangi suka yi caa. Aka yi ta aike cewa abin kunya ne tsohuwa ta kai ƙanen mijinta gaban alƙali, me mutane za su ce. Babu ɗaya daga cikin masu aiken nan da ya taɓa taka ƙafa ya je ya ce wa Baffa abin kunya ne ya bar matar wansa ta makance. Dada ta ce duk mai jin kunya ya zo ya ara mata ido ta ga kunyar.

Ranar zama ni da Goggo muka riƙe ta muka shiga bas. Baba ma an aiko masa da sammaci, tunda magaji ne. Ya zauna shi kaɗai a kujerar baya har muka isa. A kotu Baffa ya maimaita zancensa na karsana, da ayoyi da rantse-rantse, har da share ido da bakin rawani. Alƙalin wani dattijo ne mai ƙaramar murya. Ya bar shi ya gama, sannan ya tambayi ɗan marigayi.

"Kai, shanu nawa mahaifinka ya bari?"

Baba ya miƙe. Ya dubi Baffa, Baffa ya kafe shi da ido. Ina jin hannun Dada yana matse nawa har ya yi zafi.

"Allah ya gafarta Malam, sittin da huɗu. Ban da karsanar Baffa."

"Ka san karsanar?"

"Na san ta. Na san abin da ta haifa. Ni nake kiwon su kafin in bar gida."

Ya jero su da kamanninsu, wannan ja mai karyayyen ƙaho, wannan fara mai baƙi a wuya. Bai tsaya ba sai da ya kai ta ƙarshe. Alƙali ya juya ga Baffa ya ce, "Alhaji, ka ware taka da zuri'arta, a raba saura." Shi ke nan. Zaman gaba ɗaya bai kai a dama fura a sha ba. Kusan shekara goma muna jiran jumlar nan, kuma babu wani abu a cikinta da yaro ɗan shekara shida bai faɗa ba a bakin kasko.

Da aka je ƙirga garken, ashirin da huɗu aka tarar bayan an ware na Baffa. Sauran ya rantse ciwo ya kashe su, aka bar shi da rantsuwarsa. Dada ta samu uku, Goggo bakwai, Baba goma sha huɗu. Baba bai jira kwana ya zaga ba, ya sayar da biyu daga nasa ya ɗauki uwarsa zuwa Kano. Likita ya haska idon ya daɗe yana dubawa, ya tambayi wanda ya taɓa shi, sannan ya ce allurar nan ta lalata abin da za a gyara. Da an kawo ta tun farko, da aikin bai fi na rabin sa'a ba. Umma ta ce da suka dawo, Baba ya shiga ɗaki ya rufe, ta ji yana kuka kamar yaro.

Dada ta sa an kawo mata ɗaya daga cikin shanunta Dutse, aka ɗaure ta a bayan gida, mai gidan haya yana ta mita. Kullum da safe sai a kai ta ta shafa bayanta, ta lalubi hantsarta ta tatsa da kanta. Ba ta ƙara ba da tatsuniyar rumbu ba. In mun roƙa sai ta ce ta manta. Ta rayu 'yan shekaru bayan haka, ta rasu a ɗakinta da damina.

Yau ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a nan Dutse. Sai da na je kwalejin horon malamai na gane irin lambar da Dada take riƙe da ita. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ita ce mafi ƙanƙantar lamba da kowane adadi daga ɗaya zuwa goma yake raba ta ba saura. In ka warware ta, biyu ce sau uku, da uku sau biyu, da biyar, da bakwai, aka ninka da juna. Lambobi arba'in da takwas ne suke raba ta daidai, kuma babu wata lamba a ƙasa da ita da take da masu raba ta da yawa haka. Maƙwabciyarta kuwa, wadda ta ɗara ta da ɗaya tak, tana cikin lambobin da ba abin da yake raba su sai ɗaya ko su kansu. Na zauna da biro na gwada ta da duk abin da ya kamata a gwada, ta ƙi. Wato da masu lissafin garin nan za su shekara dubu suna zane a ƙasa, ba za su samu mafita ba. Mai makulli ya san abin da ya jefa.

Nakan ba ɗalibaina lambobin nan biyu duk shekara, su rarrabe wacce cika ce wacce mara, wacce take rabuwa wacce ba ta yi. Suna jin daɗin darasin. Ni kuwa har yau ban taɓa rubuta ta biyun a allo raina bai ɓaci ba, ko da yake na san lamba ba ta da laifi. Na daɗe ina ɗora fushina duka a kan Baffa. Da na girma sai na ga irinsa ba sa ƙarewa, kowane dangi akwai nasu, kuma ba su da wani ƙarfi sai wanda masu shiru suka ba su. Ina son mahaifina, mutumin kirki ne, bai taɓa cin na kowa ba. Amma ladabinsa ne ya ci idon uwarsa, shi ma ya san haka har ya koma ga Allah.

Bara ƙanen mijina ya rasu ya bar mata da yara huɗu da gida. Bayan sadakar arba'in aka taru a kan maganar gado, maza a falo, mu mata muna daga tsakar gida muna ji ta taga. Babban wansu ya gyara zama ya ce gidan nan fa ba zai rabu yanzu ba, don shi ne ya sayi bulon katangar gaba, haƙƙinsa ya shiga ciki, gara a bar shi a hannunsa tukuna kada a ci haram. Matar marigayin tana kusa da ni, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Na jira mijina ya yi magana, na ji bai yi ba. Sai na tashi na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama.

"Yaya, a yi mini afuwa. A kira magini ya kimanta bulon a ba ka abinka, a raba wa marayu gidansu a satin nan."

Aka ce na yi rashin kunya, mace ta tsoma baki a maganar maza. Mijina ya yi kwana biyu yana cin abincina ba ya duban fuskata. Amma da maganar ta riga ta fito fili, liman ya kama ta, aka raba gidan kafin azumi. Yayan namu har yau in na gaishe shi ba ya amsawa, ni kuma duk haɗuwa sai na durƙusa na gaishe shi.